Amalen da Ya Zaunar da Tsoho

Ni dai takalma suka kai ni Guangzhou, ba kiwo ba. Gara in faɗi wannan tun farko, domin har yau in na ɗauko labarin nan a rumfa sai wani ya ce, "Au, ashe da can makiyayi ne kai?" Ko kaza ban taɓa kiwo ba. A Fagge aka haife ni, kuma iyakar sanina da jaki shi ne in kauce masa a lungu.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin da kasuwar Bankok ta rikice muka fara gangarowa China ɗaya bayan ɗaya. Ba mu da yawa a lokacin. In ka hango baƙin mutum a bakin ginin kasuwar Tianxiu, sai ka tsallaka titi ka gaishe shi ko da ba ka jin yarensa. Na kama ɗaki a unguwar Dengfeng tare da wani dattijo mutumin Maraɗi, mai sarin yadi da kofunan shayi, wanda kowa ke ce wa Alhaji. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, ni kuwa Allah ya yi ni da baki da saurin hawa. Yadda muka zauna lafiya har yanzu yana ba ni mamaki. Kafin ya shiga kasuwa, Alhaji ya yi ƙuruciyarsa a bayan raƙuma, yana bin ayarin gishiri tare da Buzaye, har fari ya cinye dabbobin gidansu ya shigo gari. Ba ya son zancen. Amma akwai wani ƙullin jar kanwa da ba ya rabo da shi, wai don ciki da miyar kuka. Ni dai na sha ganin ya kwance shi ya sansana kawai ya mayar.

Mai masana'antar da ke buga mini silifa, Lawban muke ce masa, wato maigida, kamar yadda ake ce wa kowane mai shago a can. Sa'ana ne, takalminsa kullum sai sheƙi. Turancinsa gurgu, nawa gurgu, sai mu haɗa da hannu mu lallaɓa. Wata rana Alhaji ya raka ni duba samfur, ni kuma da shegen surutuna na nuna shi na ce wannan direban raƙumi ne, har na zana raƙumin a bayan kwali. Sai na ga Lawban ya miƙe tsaye, ya rufe ƙofar ofis, ya sa aka kawo mana shayi mai kyau, ba irin wanda ya saba ba ni ba.

Ashe damuwa ce fal cikinsa. Mahaifinsa yana zaune shi kaɗai a kan wani tudu arewa da birni, yana kula da itatuwan lici, wani ɗan itace ja mai kaushin ɓawo, cikinsa fari mai zaƙi. Mota a gindin tudun take tsayawa, daga nan sai ƙafa. Shinkafa, mai, taki, komai a kafaɗa tsohon yake hawa da shi, da sandar gora, kwando gaba kwando baya. Bara ya faɗi da kaya ya sha jinya. Likita ya ce ko ba kaya, in zai hau tudun nan dole ya riƙa zama a hanya yana hutawa. Tsoho ya ce zama a hanya na marasa lafiya ne, shi kuwa lafiyarsa lau. Lawban ya sayi gida a saman bene a cikin birni ya gyara masa ɗaki, tsoho ya ce sai dai a shigar da gawarsa. Kabarin matarsa yana kan tudun, tsakanin itatuwan da suka dasa tare.

Da faɗa ya ishe su sai suka yi sharaɗi. Wani wurin shaƙatawa mai dabbobi ya rufe, Lawban ya karɓo wata dabba daga can, sunanta lama, wadda aka ce a ƙasarsu ita ke dakon kaya a kan duwatsu. In kafin lici ya nuna tsohon ya iya hawa da ita ɗauke da kaya, shi kaɗai ba mai sa masa hannu, to ya zauna a tudunsa. In ya kasa, ya tattara ya koma bene, dabbar kuma a kai ta kasuwar Liwan, inda ba a tambayar nama sunansa. Matsalar ita ce dabbar ba ta taɓa ɗaukar ko tsinke ba, kuma duk wanda ya matso ta sai ta wanke masa fuska da yawu.

Na buɗe baki zan ce mu kaya muka zo saye, sai na ji Alhaji ya ce, "Yaushe za mu tahi?"

Bas biyu muka hau, sannan muka taka. Wayyo ni! Hanya ce siririya, wani wuri matakalar dutse, wani wuri taɓo, gora ta rufe sama. Kafin mu kai rabi na jiƙe sharkaf, ina zagin kaina da ya zana raƙumi. A sama muka tarar da tsohon, gajere, busasshe, da ƙaramin tawul a wuya, ya riƙe ƙugu yana kallonmu kamar mun zo karɓar haraji. A bayan gidan kuma ga dabbar a ɗaure. Wuya dogo, kunnuwa a tsaye, gashi buzu-buzu, ba tozo, tsayinta bai fi a ce kanta ya zo daidai fuskata ba. Namiji ne. Na ce, "Alhaji, wannan ai tunkiya ce aka ja wa wuya."

"Ɗan Kano, yi kurum," in ji shi. Ya tsuguna daga nesa ya daɗe yana kallo. Ya nuna mini tsagaggen leɓe, da yadda yake tuƙa yana karkata muƙamuƙi, da tafin ƙafarsa mai laushi ba kofato. Muryarsa har ta canza. "Wanga ɗan'uwan raƙumi na. Dubi ƙahwa. Sannu amale, wa ya kawo ka nan?" Amale fa shi ne ƙaton raƙumin da ke jan ayari. Na yi dariya har na matsa kusa ban sani ba, sai ji na yi tuf! Kore, mai ɗumi, mai warin da ban taɓa ji ba. Ranar na fara ganin haƙoran tsohon, guda nawa ne ma suka rage. Daga ranar kuwa sunan Amale ya bi dabbar.

Kafin mu sauko Lawban ya faɗa mana gargaɗin da mai kula da dabbar ya yi masa. Na farko, kada a hau shi, kuma kada a ɗora masa abin da ya wuce kwatan nauyinsa. Na biyu, zafi yana kashe su. Na uku, in ka ga ya kwanta da kaya a tsakiyar hanya, to magana ta ƙare, ya ƙi ke nan, ko duka ko lallashi ba ya tashi. Alhaji ya yarda da biyun farko. Na ukun kuwa ya taɓe baki ya ce mini da Hausa, wane irin raƙumi ne ba ya gurfana a zango.

Sanyi bai gama wucewa ba muka fara. Na ce muka, amma gaskiya Alhaji ne. Sai ya ba da odar yadinsa, ya bar mini amanar bibiya, ya hau tudu ya yi kwanaki. Ni kuma in na gaji da zaman jiran kaya sai in bi shi. Abin da ya fara ba ni haushi shi ne, kwanakin farko ba abin da yake yi sai zama kusa da dabbar yana jan carbi. Na ce, "Alhaji, lici ba zai jira ka gama lazimi ba." Ya ce, "Ba a yi ma dabba gaugawa. Bari shi san warina." Da ya lura Amale yana wani gunji ƙasa-ƙasa yana leƙen hanya, sai ya ce kaɗaici ne, ya sa tsohon ya ɗaure akuyarsa kusa da shi. Gunjin ya ragu. Sannan ya fara miƙa masa ɗan gutsuren kanwa a tafin hannu. Ranar da Amale ya miƙo wuya ya ɗauka, an gama ciniki.

Daga nan abu ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan. Alhaji ya tufka akala da igiyar dila, ya saba masa da ita. Ya saba masa da taɓa baya da ciki da ɗaga ƙafa. Ya fara ɗora masa tawul, sannan buhu ba komai, sannan akumari da ya ɗinka da ragowar samfurin yadi ya cusa masa karan shinkafa, ya bar kwari a tsakiya don kada ya danne ƙashin baya. Ni na kawo maɗauri daga masana'anta, irin wanda ake yi wa sandal. Amale ya fito tsaf da akumarin shadda ruwan goro, ko angon ƙauye sai haka. Mangala kuwa jakunkunan Gana-mas-go ne guda biyu. Da za a fara sa nauyi, sai na tuna da tarin samfurin silifa da ke ƙarƙashin gadona, duk ƙafar hagu, don masana'anta ba ta ba da samfur ƙafa biyu. Su muka riƙa ƙarawa, yau kaɗan, jibi a daɗa. Alhaji yakan ɗaga jakunkunan biyu ya rufe ido ya auna, in ɗaya ta rinjayi ɗaya ko da silifa guda ne sai ya gyara. Mutanen ƙauyen gindin tudu sun sha kallo: baƙaƙen mutane biyu da wata halitta, suna hawa da takalman da ba mai iya sawa, su sauko da su.

Tafiyar ma haka aka gina ta. Da farko zagayen gida, sannan zuwa itacen farko a dawo, sannan a ƙara. Akwai wata gadar katako a kan ƙorama da Amale ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai taka ba. Na ce a ja shi da ƙarfi, ni in tura ta baya. Alhaji ya ce in na ƙara magana zai ɗora mini mangalar. Sai ya sa akuya ta wuce gaba, ya saki akala ya yi sako-sako, ya juya baya kamar bai damu ba. Muna nan tsaye har ƙafata ta yi tsami, sai ga Amale ya sansana katakon ya taka a hankali. Haka aka yi da karnuka, da lema, da babur. Lokacin da mutanen can ke zuwa sharar kaburbura suna fasa abin wuta mai ƙara, Alhaji ya roƙi kaɗan ya riƙa fasawa daga nesa yana ba shi kanwa, har ya daina zabura. Da zafi ya fara shigowa kuma muka yi masa aski da almakashin yadi. Ni na yi ɓangaren dama, Alhaji ya yi hagu, kuma kowa ya gani ya san wanne ne nawa. Muka mai da hawan zuwa yamma, in rana ta yi sanyi.

Tsohon yana biye da mu a duk wannan, don shi za a bar wa dabbar. Ba ya jin Turanci ko kalma, Alhaji kuma daga nihaw sai sheshe sai meyo, wato sannu, na gode, babu. Amma sai ka ga sun zauna da yamma suna hira, wannan da Hausa wancan da yarensu, kowa yana gyaɗa kai. Da tsohon ya gane akwai abin da ba ma ci, da kansa ya sauka ya sayo sabuwar tukunya ya rataye ta daban, kifi da ganye kawai ake dafawa a ciki. Wannan abu ya shiga raina, daga ranar na daina ganin taurin kansa na fara ce masa Baba. Alhaji ya koya masa riƙon akala da ɗaurin akumari, ya kuma raba masa kanwarsa biyu.

To, a tsakiyar hanya, daidai inda ƙoramar ta yi kwana, akwai wani falalen dutse mai faɗi a ƙarƙashin inuwa. Tunda hawan yamma muke yi, a nan la'asar take riskarmu kullum. Alhaji ya rataye buta a reshe ya bar ta can. In mun iso, sai ya yi abin da ya saba yi tun yana yaro a ayari: ya ja akala ƙasa, ya daki gwiwar Amale a hankali, ya gurfanar da shi da kayansa don kada ya yi yawo. Mu cire takalma, mu yi alwala, mu yi salla. Alhaji kuwa ba ya sallamewa ya tashi, sai ya ja carbi son ransa. In ya gama ya kakkaɓe darduma, ya sa takalmi, ya ba Amale kanwa, Amale ya miƙe mu wuce. Ba a daɗe ba ya daina jiran a taɓa masa gwiwa, da ya ga dutsen sai ya gurfana da kansa. Mu kuwa daɗi muke ji, muna cewa dabba ta yi hankali. Ko sau ɗaya bai zo mana a rai ba cewa tsohon ba ya salla.

Shi Baba bai taɓa zama a dutsen nan ba. Muna salla yana tsaye, ko ya yi ta yankar ciyawar da ba ya bukata, numfashinsa yana fita da ƙyar. Alhaji ya sha dafa dutsen yana yi masa alamar ya zauna, sai ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo, meyo." Ɗan gaba da wurin kaɗan ne ya faɗi bara, ya san mun sani.

Ana cikin haka babbar salla ta matso, labarin Amale kuma ya zaga Dengfeng. Rago a garin nan wahalar samu gare shi. Sai ga mutanenmu sun cika mana ɗaki, wai a yi shawara. Wani ya ce in dai raƙumi ne ai mutum bakwai za su haɗu. Wani ya ce raƙumin da ba tozo bai cika raƙumi ba, sai dai a lissafa shi tunkiya. Wani ɗan Kumasi ya ce a buga waya gida a tambayi malamai. Ni ma, Allah ya sani, na ɗan sa baki don in ga yadda Alhaji zai yi. Aikuwa na gani. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya miƙe har hularsa ta taɓa fanka, ya ce duk wanda ya ƙara haɗa sunan amalensa da wuƙa, to ya fara da shi. Daga baya akuyoyi muka samo a wani ƙauye, aka yi layya lafiya.

Lici ya fara ja, Lawban ya sa rana. Ya zo da motarsa gindin tudu, da buhun shinkafa da galan ɗin mai da taki a but. Mu da muka saba da yamma, sai ga shi ya zo da hantsi, wai yana da baƙi da rana. Ya maimaita sharaɗin a gabanmu: mu biyu mu tsaya a baya tare da shi, ba magana, ba taɓa akala. Baba ya raba kayan gida biyu, ya ɗaga ya auna ya rufe ido yadda Alhaji yake yi, har na kusa tuntsirewa. Ya ɗaure, ya ja akala, Amale ya bi shi, akuya a gaba.

Kai, ranar na ji alfahari kamar ni na haife shi! Karnukan ƙauye suka taso, ko kallo ba su ishe shi ba. Matakala ya hau ta tsaf. Gadar katako ya wuce kamar a kanta aka yaye shi. Lawban yana haki a bayana da takalminsa mai sheƙi, ni kuwa da watannin nan suka zazzage mini tumbi har ina juyowa ina ce masa sannu. Ina cikin wannan fankamar muka sha kwana, dutsen ya bayyana. Amale ya taka har gefensa, ya lanƙwasa ƙafafun gaba, ya sauke na baya, ya gurfana da kayansa ya hau tuƙa.

Baba ya ja akala, Amale ya miƙa wuya kawai. Ya sake ja da ƙarfi, ya yi masa tsawa. Ya zagaya ya tura ta baya. Ya ciro kanwa ya miƙa masa, ɗan banzan ya karɓa ya tauna ya ci gaba da zamansa, yana kallon butar da ke rataye. Lawban ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce abin da mai dabbar ya faɗa ke nan, in ya kwanta an gama. Ya ce kayan sun fi ƙarfinsa, kuma gobe in ya yi wa tsohon haka shi kaɗai a dajin nan, wa zai taimake shi?

Na matsa kusa da Alhaji na ce ƙasa-ƙasa, "Salla yake jira. Mu muka ɓata shi. Ka yi walaha mana, ai lokacinta ne, ka kakkaɓe darduma ya tashi."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Salla ba dabara ba ce, ɗan Kano. Kuma gobe muna nan?"

Raina ya ɓaci, na ji kamar in shaƙe shi, don na san gaskiya ya faɗa. Na juya zan yi wa Lawban bayani da guntun Turancina, ya ɗaga mini hannu. Ya fara yi wa mahaifinsa magana a hankali da yarensu. Ban ji ko kalma ba, amma na san zancen bene ne.

Baba yana tsaye riƙe da akala, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ya dubi dabbar, ya dubi butar, ya dubi dutsen. Wata da watanni yana kallonmu a wurin nan, ya san abin da Amale yake jira sarai, ya fi mu sani. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ɗansa yana kallo. Shekara guda yana rantsuwa ba ya bukatar zama a hanya.

Sai ya saki akalar. Ya cire takalmansa ya jera su a gefe inda muke jera namu. Ya sauko da buta ya ɗebi ruwa, ya wanke hannu da fuska da ƙafafu. Ya hau dutsen, ya dafa gwiwa, ya zauna. Ba alƙibla ya fuskanta ba, ba kuma kwaikwayonmu ya yi ba. Sama ya juya yana kallon gangaren da itatuwansa suke, inda matarsa take. Ya ajiye hannuwa a cinya. Muna jin numfashinsa yana sauka a hankali har ya daidaita.

Ba wanda ya motsa. Na saci kallon Lawban, na ga bakinsa a ɗan buɗe, idonsa ya kawo ruwa. Ya tambaye ni da raɗa, wai kullum sai an yi haka? Na tambayi Alhaji, duk da na san amsar. Alhaji ya ce, "Gaya mai, kullum. Hawa da sauka. Wagga dabba ba ta wuce dutsen ga sai mai jan ta ya zamna, kuma ba ta jin meyo." Na fassara yadda na iya. Can sai Lawban ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa mai sheƙi, wanda taɓo ya riga ya gama da shi, ya hau dutsen da safa ya zauna kusa da mahaifinsa. Tsohon bai dube shi ba, amma ya ɗan matsa ya ba shi wuri.

Sun yi zaman da ya kai na Alhaji da carbinsa. Sannan Baba ya miƙe, ya zare tawul ɗin wuyansa ya kakkaɓe shi fat-fat kamar darduma, ya sa takalmi, ya miƙa kanwa. Amale ya ɗaga baya, ya ɗaga gaba, ya tsaya cak da shinkafarsa da mansa. Ni ban san lokacin da na kurma ihu ba, har akuya ta tsorata. Alhaji kuwa juya mana baya ya yi yana gyaran hula, gyaran da ya ɗauki lokaci.

Har muka kai sama ba wanda ya ta da maganar sharaɗi. Baba ya sauke kaya, ya kai Amale inuwa ya ba shi ruwa, ya ɗora mana shayi, ya tsinko lici na farko ya zube a gabanmu. Yana ta kai da kawo amma kunnensa yana wajen ɗansa, mu ma haka. Lawban ya ɗauki ragowar kanwar da ke kan tebur, 'yar mitsitsiya, ya juya ta, ya lasa, ya yamutsa fuska. Ya tambaye ni a ina ake sayar da wannan dutse. Na ce a China meyo, sai can gida. Ya ce to in na dawo tafiya ta gaba in taho masa da ita. Na ce nawa, ƙulli ɗaya ko biyu? Ya tambayi Alhaji gutsure nawa dabbar take ci a rana, Alhaji ya nuna masa kan ɗan yatsa. Lawban ya dubi mahaifinsa, ya buɗe hannuwansa biyu iya faɗinsu, ya ce, "Buhu."

Baba ba ya jin Turanci, amma ya ga hannuwan, kuma manomi ne, ya san shekarun da buhu zai yi in ana gutsurar kan ɗan yatsa. Ya ajiye butar shayin a hankali. Ya fita bayan gidan wajen Amale, muna jiyo shi yana yi masa faɗa da ƙarfi, muryarsa tana rawa.

Na yi shekaru ina cika kwantena daga Guangzhou zuwa Kano, amma odar da na taɓa ɗauka daga Kano zuwa Guangzhou ita ce wannan. Da na je kasuwar Kurmi saye, mai kanwar ya tambaye ni ko Sinawa ma sun fara miyar kuka ne. Na ce a'a, wani tsoho ne ake so ya riƙa zama. Ya dube ni kamar na taɓu, ya ɗinke bakin buhun.